Ka gina gida ka tare amma ba a kawo maka takardar haraji ba, ga yadda zaka yi

Jiya bayan la'asar muna zaune a majalisa wani ƙanina da ya gina gida can bayan Dakace a nan Zariya ya ɗauko maganar, yace yaya ni fa yau shekara biyu da wata uku da tarewa ba wanda ya taɓa buga min get yace ga takardar haraji, alhali maƙwabcina na tsohuwar unguwa ana kawo masa, kaga kenan basu san da zamana ba, na sha. Nace masa wallahi baka sha ba, ajiya ake maka, kuma irin ajiyar nan ce mai haihuwa. Shi yayi dariya ni ban yi ba, don abin ya taɓa cina, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda ake bi da abin ko wani zai amfana.

Nawa labarin gajere ne. Na sayi fili wajen Dogarawa hannun wani bawan Allah, yana da takardarsa ta gwamnati da lambar fayil da komai, dillali yayi ta yabon takardar kamar shi ya rubuta ta, muka yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu aka sa albarka. Shekara huɗu ina gini, yau bulo ɗari biyu gobe siminti buhu goma, har Allah yasa aka kai linta aka rufa aka yi filasta muka tare ko fenti babu. Sai da na tashi mayar da takarda sunana aka buɗe fayil, sai gashi tunda aka ba mutumin filin bai taɓa biyan kuɗin ƙasa ko sau ɗaya ba, ga na shekarunsa ga na shekaruna duk sun taru wuri ɗaya. Na kira shi a waya, yace Alhaji ai na sayar, abinda ke kan fili ya bi fili. Haushi ya kamani amma ba yadda na iya, laifina ne, ranar ciniki na tambayi faɗi na tambayi tsawo na tambayi ko ruwa na kwanciya da damina, ban tambayi rasit ba.

To kafin ka je ko'ina ka fara rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa suna ce musu haraji kawai.

Akwai kuɗin ƙasa, wanda ƴan ofis ke ce wa girawun ren. Asalinsa dokar amfani da ƙasa ce ta 1978 wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ita ta ɗauki duk ƙasar jiha ta damƙa wa gwamna amana, kai abinda kake da shi haƙƙin zama ne na wasu shekaru, galibi 99 in gidan zama ne, kuma duk wanda ya karɓi takardar mallaka wato si of o, doka ta ɗauka ya yarda zai riƙa biyan kuɗin da gwamna ya yanka, yana nan a sashe na 10, sannan sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke takardar wanda ya karya sharaɗi. Abin lura anan shine wannan kuɗin ba ruwansa da ka gina ko baka gina ba, daga ranar da aka rubuta a takardar yake fara ƙirga, ko tumaki ke kiwo a filin ko masara ka shuka yana tafiya. Kuma ba ya tsayawa a adadi ɗaya har abada, gwamnati na da ikon sake duba shi.

Sai kuma harajin gidan kansa, tenaman ret, shi kam sai akwai gini. Kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya lissafa kimanta gidajen mutane domin sa musu haraji cikin ayyukan ƙaramar hukuma, da sharaɗin majalisar dokokin jiha ce zata tsara abin da za a karɓa, haka ma dokar 1998 da ta raba wa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma abinda kowa zai karɓa ta sa shi a layin ƙaramar hukuma tare da kuɗin shaguna. Wasu jihohin sun haɗe su sun zama takarda ɗaya, kamar Legas da ta yi hakan tun 2001. Don haka kar sunan da ke saman takarda ya ruɗe ka, ka dai tambaya wannan na ƙasa ne ko na gini ne ko a haɗe suke.

Mu nan jihar Kaduna sunaye uku zaka riƙe. KADGIS ke riƙe da fayil ɗin filaye da takardun mallaka, an kafa ta a 2015. KASUPDA ke bada izinin gini, ita ce dai mai jan fentin da kowa ke tsoro. KADIRS kuma ita ce hukumar tara kuɗin shiga, kuma tun dokar haraji ta jiha ta 2016 wadda aka sabunta a 2020 aka tattara karɓar kuɗi a hannunta aka kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau zan dawo kansa.

Me yasa takarda bata zuwa? Ba wai an yafe maka bane. Yawanci fayil ɗinka har yanzu yana nuna fili ne ba gida ba, ko adireshin da ke ciki na wanda ya sayar maka ne, ko lambar wayar da aka rubuta tun ta wani tsohon layi ce da ya ɓata, ko kuma dai unguwar sabuwa ce layinku ba suna gidanka ba lamba, kai kanka in zaka yi wa baƙo kwatance sai kace bayan masallacin juma'a ka sha kwana ta biyu gida mai baƙin get kusa da mai markaɗe. Garin nan yana faɗaɗa da gudu, duba bayan Kwangila, duba Gwargwaje da hanyar Wusasa, duba Nagoyi da Zabi, wurin da ake noman rake da dawa shekara goma baya yau duk kwano ne, ba rajistar da zata iya bin wannan saurin. Amma zata iso. Yanzu da hoton sama ake aiki, kwanonka na ƙyalli ana ganinsa tun kafin wani ya tako ƙofar gidanka.

Wani kawuna a cikin birni in aka yi irin wannan hirar sai yace ku yaran nan ba ku san tarihi ba, ai Balarabe Musa ya soke haraji tun 1979. Gaskiya ne ranka ya daɗe, ya soke haraji da jangali, shi da Abubakar Rimi a Kano, amma wancan harajin kai ne da ake bin kowane magidanci da na shanu, bai shafi kuɗin ƙasar da ke jikin takardar mallaka ba. Kuma wanda ke ganin gwamnati na mantuwa ya tuna abinda ya faru a Abuja a watan Maris na 2025, lokacin da minista Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara 10 basu biya kuɗin ƙasa ba, har aka kai ga garƙame hedikwatar PDP da ke Wadata a watan Mayu. Waɗancan manya ne masu lauyoyi, ina ga ni da kai.

Yanzu ga yadda zaka yi. Abu na farko ba ofis bane, gida ne. Ka zauna da daddare ka zazzage duk takardun da suka shafi gidan a tabarma, takardar ciniki ta gaban mai unguwa, takardar gwamnati in akwai ko si of o ce ko takardar tayin fili, zanen safiyo, izinin gini, da duk wani rasit komai tsufansa. Ka nemo lambar fayil ka rubuta ta a wayarka. In filin gado ne ko na gona da aka yanka fuloti fuloti kuma takardar mai unguwa kaɗai gareka, to ka sani ita shaidar ciniki ce, tana da amfani sosai amma ba takardar mallaka bace, kai aikinka na farko shine buɗe fayil da sunanka, kuma gara ka buɗe da ƙafarka da a zo a same ka.

Sannan ka tsayar da ranar da gidan ya zama gida, nan ne mutane suka fi yin asara kuma ba wanda ke faɗa musu. Mu ba ma gini irin na kamfani da za a ce ranar kaza aka gama aka miƙa makulli, namu a hankali ne, kango ya shekara uku ba rufi, a rufa ɗaki biyu a tare, bayan shekara a ƙara falo, bayan wata shekarar a ja katanga. Ranar da mai kimantawa zai zo zai ga gida ne gamamme, in ya tambayi yaran layi yaushe aka yi gidan nan zasu ce ai ya daɗe, tunda su tun ranar da aka zuba fandisho suke ƙirgawa. In baka da abinda zaka nuna sai a ɗora maka shekarun da ƙadangaru ne ke kwana a ciki ba kai ba. To ka tara shaida, rasit ɗin kwano da katako, ranar da ƴan wuta suka sa maka mita ko suka fara kawo maka bil, hotunan wayarka na lokacin gini tunda kowanne na ɗauke da kwanan wata, hoton walimar tarewa in ka yi, takardar barin gidan haya da ka tashi daga ciki, kai ko takardar canza wa yara makaranta tana taimakawa. In duk babu ka je wajen mai unguwa da ladabi, Allah ya taimake ka ina son a rubuta min shaidar watan da na tare, ya sa hannu da hatimi. Ni hoton da uwargida ta ɗauka ranar da ake ɗora tankin ruwa ne ya cece ni, ita don ta tura wa ƴan'uwanta ta ɗauka.

Ka kuma san ƙaramar hukumar da gidanka yake, don mu duka Zariya muke cewa amma a takarda ba haka bane. Birni da Tudun Wada da Gyallesu da Tukur Tukur da Wuciciri da Dambo ƙaramar hukumar Zariya ce, Samaru da Basawa da Bomo da Hanwa da Dogarawa da Muciya da Cikaji na Sabon Gari ne, in ka miƙa Shika kuwa ka shiga Giwa. Wanda ke bakin iyaka ya tabbatar, kar ya biya a wani wuri ɗaya wurin yazo yace bai gani ba.

Daga nan sai ofis. Ka fara da KADGIS ka bada lambar fayil kace kana son a duba maka ko akwai bashin kuɗin ƙasa, kuma a buga maka a takarda shekara bayan shekara, ba jimla ɗaya ba. Wannan kalmar ta shekara bayan shekara kar ka saki, don a ciki zaka ga asalin kuɗi nawa ne, tara nawa ce, daga wace shekara aka fara, kuma wane amfani aka rubuta wa filin, na zama ko na kasuwanci. A nan ne zaka gyara adireshi da lambar waya. Sannan ka leƙa ofishin KADIRS ka faɗa musu kai tsaye, yallaɓai na gina gida na tare a wata kaza shekara kaza, ba a taɓa kawo min takarda ba, ina son in san abinda ke kaina. Kar ka tsaya a baki kawai, ka rubuta ƴar wasiƙa layi biyar da suna da unguwa da lambar fayil da ranar tarewa, ka yi fotokwafi biyu, ka basu ɗaya su buga maka hatimin karɓa a ɗayar ka koma da ita gida. Wannan ƴar takardar mai hatimi ita ce zata nuna gobe cewa kai ka kawo kanka ba kamo ka aka yi ba, kuma in ana maganar a sassauta tara, da ita zaka buɗe baki.

Nasan abinda wani zai ce, wai mutum ya kai kansa mahauta. Na ji wannan a majalisa har na gaji. Amma yi lissafi, a ce misali dubu 20 ne a shekara, misali nace don adadin ya danganta da unguwa da girman fili da abinda ake yi da gidan, na GRA ba zai zama ɗaya da na bayan gari ba. Dubu 20 a shekara kusan 1,700 ne a wata, ko katin data bai kai ba. Ka bar shi shekara takwas ya zama dubu 160 kafin a ɗora tara, kuma ba zai tashi zuwa ba sai ranar da kake cikin matsi, ranar da kake son sayarwa don biyan kuɗin asibiti, ko banki ya nemi takarda, ko kana son a sa hannun gwamna a ciniki, lokacin baka da bakin ciniki sai dai ka biya.

In takardar ta fito kuma kaga adadin ya wuce hankali, kar ka yi faɗa da wanda ya miƙo maka, shi ɗan aike ne. Ka karanta ta har ƙasa, irin waɗannan takardun suna faɗin kwanakin da aka baka na biya ko na ƙorafi, ka rubuta ƙorafinka kafin kwanakin su cika ka haɗa da shaidun nan da ka tara. Abubuwan da zaka duba sune ko an fara ƙirga harajin gini tun kafin a yi ginin, ko an rubuta girman fili fiye da yadda yake a zanen safiyo, ko an sa ka a layin kasuwanci alhali gidan zama ne, ko an maimaita shekarar da kake da rasit ɗinta. Wanda baka musu a kai ka biya shi, wanda kake musu ka bi shi a rubuce. Ka tambaya ko za a raba maka biya kashi kashi, ka tambaya ko akwai rangwame ga mai zaune a gidansa ko ɗan fansho, tambaya bata cin kuɗi. In kuɗin mai yawa ne sosai ko an fara maganar rufe gida ko kotu, nemi lauya, kar ka tsaya jin fatawar majalisa har da tawa.

Sai maganar wa zai biya, wadda ita ke haɗa mutane faɗa. In kai ka sayi fili ka gina da kanka ba gardama, naka ne. Inda rigima take shine wanda ya sayi gida sabo gamamme hannun masu gina su sayar, waɗanda suka yi yawa yanzu, mutum ya sayi fuloti huɗu ya zuba gidaje iri ɗaya ya shafa fenti mai kyau ya sa tayil ya sayar. Kai kana ganin gida sabo fil ko ƙusa ba a buga a bango ba sai ka ɗauka ba bashi a kansa, alhali ginin ne sabo, ƙasar tsohuwa ce, wataƙila ma babban fili ne mai fayil ɗaya aka yayyanka ba a raba fayil ɗin ba, bashin duka na kan lamba ɗaya ku huɗu kuna zaune a kai. A ido na adalci shekarun da suka wuce kafin ciniki na mai sayarwa ne, amma ofis fayil yake bi ba mutum ba, duk wanda yazo neman a yi masa aiki a fayil ɗin shi za a ce ya share abinda ke ciki. Saboda haka tun ran gini tun ran zane, kafin ka tura ko naira ɗaya kace a nuna maka rasit ɗin kuɗin ƙasa na bana, ku tafi tare a duba fayil, in akwai bashi a cire daga kuɗin gidan a biya a gabanka, ko ka riƙe wani kaso sai ya kawo shaidar ya biya, kuma a rubuta a takardar ciniki ƙarara cewa duk wani haraji ko kuɗin ƙasa na kafin ranar kaza yana wuyan mai sayarwa. Dillali zai ce haba Alhaji ai ba a haka da mutunci, akwai wani ma na jira da kuɗi a hannu. Bar shi ya faɗa, shi la'adarsa yake hange, gobe in ka kira shi cewa zai yi yana Kano. Kuma ka tuna sashe na 22 na waccan doka ta 1978 ya ce mai takardar gwamna ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna, to in baka bi an mayar da suna ba takardun neman biya zasu cigaba da fita da sunan wancan suna tafiya inda ba kai ba, kai kuma kana nan kana cewa ba a kawo maka ba.

Gidan gado kuma, in mahaifi ya gina ya tare bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, magada su duba wannan kafin rabo, tunda a shari'a ma sai an fidda bashi da wasiyya ake raba abinda ya rage. Abin takaici ne a raba gida a ba marayu da uwarsu, bayan shekara biyar takarda ta fito da sunan mamaci kowa ya noƙe a bar Hajiya da ita.

Ƴan haya fa? Zariya gari ne na ɗalibai, ga ABU Samaru da Kongo, ga kwalejin jiragen sama a Palladan, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga asibitin Shika, rabin masu gini a wajajen nan ɗakunan haya suke zubawa. Kuɗin ƙasa dai na mai takarda ne ba ruwan ɗan haya. Harajin gini kuma dokokin jihohi sun sha bamban, wata ta ɗora wa mai gida wata ta ɗora wa wanda ke ciki, don haka hanya mafi sauƙi ka rubuta a yarjejeniyar haya wa zai biya, ni shawarata mai gida ya biya da kansa ya sa a lissafin kuɗin hayarsa, don ɗalibin da zai gama ya tafi bautar ƙasa ba zai ajiye maka rasit ba. Ka kuma ce wa ƴan hayarka duk takardar da aka kawo ko aka liƙa a get su ɗauki hotonta su turo maka a ranar, da yawa takardar ta zo, yara ne suka yi jirgi da ita. Sannan wanda ya fasa katanga ya fidda shaguna uku a gaban gida, ko ya mayar da gidan makaranta ko masauki, ya sani ya canza amfanin wurin, wannan sai da izini kuma lissafinsa daban ne, in aka gano daga baya ana iya komawa baya a bi shi.

Na ce zan dawo kan maganar tsabar kuɗi. Wata rana ina wajen aiki uwargida ta kira ni tace ga wasu mutum biyu da riga mai ƙyalli da wani littafin rasit sunce an turo su karɓar harajin sabon gini, in ba a biya yau ba zasu sa kwaɗo a get, amma in za a bada rabi a hannu zasu rufa asiri. Nace ta basu ruwa su sha tace musu maigida yace a bar takardar zai je ofis da kansa. Ba su bar komai ba, ba su kuma dawo ba. Ƙa'idar kenan, ba ka ba kowa kuɗi a hannu, ba ka tura wa asusun mutum mai suna, ko da ya nuna maka katin aiki. Biya na gaskiya yana da lambar biya da aka fitar da sunanka, ka biya ta banki ko ta manhajar PayKaduna ta jiha, rasit ya fito da sunanka da lambar fayil da shekarar da ka biya wa. Ka tsaya a wurin ka karanta rasit ɗin kafin ka tafi, harafi ɗaya in ya kauce a lambar fayil kuɗinka ya tafi kan filin wani, gyaransa kuma sai ka yi sawu uku. Alat na waya ba rasit bane. In mai POS ko yaron kafe ne ya biya maka ka tabbatar ya buga maka ainihin rasit ɗin ba sikirinshot ba, kuma bayan sati biyu ka koma ka tabbatar ya hau fayil.

In kaje sun ce har yanzu ba a kimanta unguwarku ba ka dawo wani lokaci, shikenan ka yi naka, ka riƙe wasiƙarka mai hatimi, amma kar ka cinye kuɗin. Ka tambayi wani mai gida irin naka a unguwar da ake kawo musu nawa yake biya, ka riƙa ware kwatankwacinsa duk shekara a wani asusu daban ko ka sa a adashe, ka kuma riƙa leƙawa farkon kowace shekara. Masu cewa sabbin dokokin harajin da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun share komai, waɗancan maganar harajin albashi da na kamfanoni da VAT suke, dokar ƙasa ta 1978 na nan daram a cikin kundin tsarin mulki.

Takardun kuma kar ka zuba su a ƙasan akwati, gara ta ci na wani abokina a Tudun Jukun har da si of o, da damina ɗaya. Ka sa su a leda mai zif, ka ɗauki hoton kowanne ka tura wa kanka a imel ko ka tura wa wani ɗan'uwa a WhatsApp, kuma ka nuna wa uwargida ko babban ɗanka inda suke da lambar fayil ɗin. Ƙanin nawa na Dakace dai mun yi da shi ranar Litinin da safe zan biya in ɗauke shi a mashin, nace ya taho da takardar cinikin da hotunan ranar da aka yi rufi, yace hotunan suna tsohuwar wayar da ya ba matarsa, nace to ya karɓo wayar tun daren Lahadi ya sa ta caji.